Turmi a Kan Tayil: Kwana Shida a Cikin Badalar Kano

Rabona da Kano tun rasuwar kakana na wajen uwa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba faɗa aka yi ba. Hidimar yau da gobe ce ta riƙe ni a Maraɗi, ga kuma iyakar nan tamu da ba ta da tabbas: an rufe ta a 2019 fiye da shekara guda, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024. To da Kawu ya bugo waya ya ce an sa bikin autarsa a watan Janairun 2025, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, ko tambayata ba ta yi ba ko ina da sarari. Cewa kawai ta yi, "Kai za ka je mini." Ta hau ɗaure-ɗaure: kilishi, wake tiya biyar, man shanu a galan, da atamfar amarya.

Na fito da asuba, hazo ya rufe gari, sanyi na ratsa ƙashi. Kafin in shiga mota na tsaya wurin 'yan canji. Jika ɗaya ta sefa, wato dala ɗari biyu a lissafinmu, ta ba ni kusan naira 2,500. Zuwana na ƙarshe ko naira 400 ba ta kai ba. Na cusa damin kuɗi a aljihu ina jin kaina wani attajiri, ban san kafin la'asar Najeriya za ta karɓe abinta ba.

A Ɗan Isa aka duba takardu, muka tsallaka Magama, muka shiga Jibiya. Gefen hanya ana hango tulin ƙasa na aikin layin dogon da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai haɗa Kano da Maraɗi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce shi dai jikokinsa yake taya murna. Tsakanin Jibiya da Katsina kuwa shinge ne bayan shinge, na fara ƙirga na bari. Kowa a motar ya san abin da ya sa ba a bin hanyar nan da dare, ba kuma wanda ya ɗago zancen.

Ba na ratsa Katsina ban ji wani abu a raina ba, don daga nan kakannin mutanen Maraɗi suka fita bayan jihadi, har gobe kuma sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Amma yunwa ba ruwanta da tarihi. Na ci wake da shinkafa da mai da yaji a bakin tasha, na naira 1,000 bai kai mini ko'ina ba, sai da na ƙara. Motar Kano naira 6,000, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kaya kuma cinikinsu daban. Direba ya ce tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mai yake ta hawa, har lita ta kai tana wasa da naira 1,000. Na yi shiru, don da can mu ne masu shan man Najeriya a kwalba a bakin titin Maraɗi, da arha kamar na gado.

Charanchi, Kankiya, Tsanyawa, Bichi. Duk garin da muka ratsa, gidajen bakin titi na bulo ne da kwano mai launi, na ƙasa sun ja da baya kamar masu jin nauyin baƙo. A Dawanau muka tarar da manyan motoci sun yi layi, buhuna har sama. Nan wakenmu da riɗinmu suke ƙarewa, ba ɗan kasuwar Maraɗi da bai san Dawanau ba ko da a waya ne. Tsakanin Rijiyar Lemo da Kurna cunkoso ya ci mana kusan awa guda, muka sauka a tashar Ƙofar Ruwa rana ta yi ja.

Abin da ya fara yi mini maraba a bakin tsohon birni shi ne rodi. Rodi, kwanon rufi, tayil, ƙofofin ƙarfe, bututun roba, tankunan ruwa baƙaƙe an jera su kamar tukwanen biki. Badalar kanta, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta kusan shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, sai ka nema za ka gan ta: wani wuri tudu ne da awaki ke kiwo a kai, wani wuri an yanke an kafa shago. Na tari A Daidaita Sahu, ya bi da ni ta Gwammaja ya ajiye ni inda titi ya ƙare, don lungun gidanmu, da ke tsakanin Dala da Kasuwar Kurmi, jaki aka yanka wa shi ba mota ba.

Nan na ɓata. Ni da na yi wasan ɓuya a lungun nan, na wuce gidan har sau biyu. Abin da nake nema shi ne zaure mai zankwaye biyu da dakali a gefe, inda kakana yake zama da carbi. Na tare wani yaro na ambaci sunan marigayin, ya girgiza kai. Na ambaci sunan ɗan Kawu, sai ya washe baki: "Au, gidan mai POS!" Ya kai ni gaban wani shago mai fitila fara fat, an rataye Indomie da Maggi da omo a leda. Shagon nan shi ne zauren.

Ɗan Kawu, taubashina, ya fito daga bayan kanta yana ihu, "Buzu ya iso! A ɓoye rake da goro!" Na ce masa Bakanon da ya sayar da zauren kakansa ba shi da bakin yi wa kowa tsiya. Muka rungume juna. Ya ce ba sayarwa ya yi ba, gadonsa ne ya juya.

Gidan da na sani ɗaya ne: ka shiga zaure, ka ratsa shigifa, ka faɗa wata tsakar gida mai faɗi da rijiya da darbejiya, ɗakunan mata a kewaye, turakar maigida a benen ƙasa. Yanzu an raba shi huɗu, kowane kaso da ƙyauren ƙarfensa da tankinsa. Rabon gado ne. Magada da yawa, fili ɗaya, ba wanda yake son barin cikin gari, sai kowa ya ja bulo a kan iyakarsa ya hau sama. Tsakar gida ita ta biya kuɗin. Abin da ya rage mata bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, a ƙofar ɗakin Inna, yayar mahaifiyata, wadda ta dawo gidan ubanta bayan takaba. Ɗakinta ne kaɗai ginin ƙasa da ya saura.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama kaina tana dubawa kamar mai sayen ƙwarya.

"Ɗan Faransa, sai yau? Ina ka baro mini ƙanwata?"

"Tana gaishe ki, Inna. Ƙafa ce."

"Ƙafa ko rowar zumunci? Tashi ka je ka yi salla, tuwonka na nan tafe."

Su Inna har yanzu Faransa suke ce wa Nijar, ba su da labarin an yi 1960, balle abin da ya biyo baya.

Taubashina ya sauke ni a samansa, ciki da falo da banɗaki da ɗan kicin. Gaskiya wuri ya yi kyau: tayil na sheƙi, silin fari da fitilu a ciki, kujeru, talabijin a bango, sola a kan rufi saboda in an ɗauke wuta. Matarsa ta kawo taliya da miyar kaji da lemo mai sanyi, na ci na yi santi. Ina wanke hannu sai ga yarinya da kwano a rufe da faifai, in ji Inna. Tuwon dawa ne, miyar kuka ta sha daddawa, man shanu na yawo a kai. Ba a naɗe shi a leda ba irin na yanzu, da mara aka kwashe shi, ga shatinta nan a jikin malmala. Na ce na ƙoshi, hannuna bai ji ba.

Matar gidan ta yi dariya ta ce ita ma in tana marmarin tuwo na gaske can ƙasa take aikawa. Na tambaye ta dalili, ina zaton za ta ce ba ta iya ba. Ashe ta iya sarai. Ta ce in duba kicin ɗin. Na leƙa: mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Tukunyar gas, 'yar tukunyar alminiyam, bilenda, firji.

Sai a daren nan na yi tunanin abin da ban taɓa tunani ba, cewa tuwo fili yake ci kafin a ci shi. Dawa sai an surfa ta a turmi, a sheƙe dusa, a wanke, a baza a tabarma ta sha iska, a kai niƙa, a dawo a tankaɗe. Dusar ta awaki ce da kaji, ƙasarin ma ba a zubarwa, dabbobi ke sha. Sannan a ɗora babbar tukunya a murhu, a yi talge, a zauna a kujera 'yar tsugunno a dafe tukunyar a tuƙa da muciya da ƙarfin kafaɗa, a rufe ya sulala. Kowane mataki da wurinsa a tsakar gida. Ka ɗauke tsakar gida, ka ɗauke turmi da shanya da akuya da murhu a lokaci guda. A kan gas tukunya zamewa take yi in an tuƙa da ƙarfi, kilo ɗaya na gas ya haura naira 1,000, wa zai bar tuwo ya yi ta sulala a kai? Itace kuwa hayaƙinsa zai ɓata farin silin cikin mako guda. Shi ya sa a sama ake tuƙa Semovita, ko a dafa taliya, minti ashirin an sauke. Ba lalaci ba ne, gini ne ya zaɓa musu abin da za su ci.

Da dare sanyi ya hana ni barci, bulo ya ɗauki hunturu ya riƙe, bargo biyu kamar ban rufa ba. Taubashina ya ce in gode wa Allah ban zo a bazara ba, lokacin da kwano ke mayar da ɗakin tanderu, kowa ya kwashi katifa ya fito baranda. Da asuba na sauka gaida Inna, na tarar da ɗakinta da ɗumi kamar an hura wuta. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Ta ba ni ɗumamen tuwon jiya, ga ƙanzo ta jiƙa a ƙwarya za ta yi kwaɗo da rana. A waje kuwa lungu ya cika da yara, kowa da kwano da kuɗi a hannu, an yi layi gidan mai koko da ƙosai, wasu gidan mai waina, wasu gidan mai ɗanwake. 'Yan garuwa na turo kura, jarka naira 150, don rijiyar gidan an rufe ta da kankare tun da aka haƙa masai kusa da ita.

Da hantsi na sami Kawu a ƙofar sashensa yana duba lissafin biki. Bayan gaisuwa na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, amma da an bar ko zauren nan."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗana, kai baƙo ne, baƙo kuwa kallo ya sani. Wa zai yi yaɓe?"

Ya lissafa mini da yatsu. Ginin ƙasa kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. Maginan da suka iya tubali da ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Azara sai an sari giginya, giginyar ta yi nisa ta yi tsada. Makubar da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ake yin ta, ɗorawar ma ana ta sarewa. Katsin da ake haɗa laso da shi daga karofi yake fitowa, marina kuwa in ka cire Ƙofar Mata saura ƙalilan. Ƙasar ginin kanta daga kududdufan unguwa ake haƙo ta, yanzu an cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwan sama ya rasa wurin zuwa sai cikin gidajen mutane. "Sannan," in ji shi, "je ka nemi aure ka ce a gidan ƙasa za ka ajiye 'yar mutane, ka ji amsar da za a ba ka." Buhun siminti ya doshi naira 10,000, amma in ka yi sau ɗaya ka huta.

Ban iya musu ba. A ƙarshen Agustan 2024 ruwa ya sauka a Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, aka yi asarar rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Wanda ya kwana yana sauraren bango a daren ruwa ba ya son a yi masa waƙar kyan zanko. Mu ma ai tsohon garinmu ba mu da shi: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye shi, Turawan Faransa suka mayar da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu kamar da zare. Bambancin kawai, namu dare ɗaya ruwa ya tafi da shi, na Kano ɗaki-ɗaki ake cire shi, kuma masu shi ne da kansu suke cirewa. Amma filin gida a wajenmu yana da faɗi, ko talaka yana da inda zai kafa turmi, shi ya sa har yanzu in rana ta take ba gidan da ba a dama fura. Mu hura muke cewa, abin da taubashina ya yi kwana shida yana kwaikwayona da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ginin ba ne, ciyayya ce. A zamanin kakana, da an sallame magariba kowane magidanci a lungun zai sa a fito da akushinsa zauren nan. A jera, a zauna a kewaye, a fara da na wane a koma na wane. Baƙon da dare ya yi wa, ɗan koli, almajiri, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, duk su sa hannu, ba mai gane wa ya kawo wa bai kawo ba. Zaure shi ne inda abincin gida yake haɗuwa da mutumin waje ba tare da an keta hurumin mata ba. Falo ba ya yin wannan aikin. Falo a cikin gida yake, bayan ƙyauren ƙarfe, sai wanda aka sani aka kira.

Kawu da abokansa uku ba su bari ba. Tabarma suke shimfiɗawa a gefen masallacin lungu, ƙarƙashin fitilar sola. A dare na biyu na zauna da su. Kula biyar aka kawo: tuwon Inna, tuwon shinkafa da miyar taushe daga gidan liman, shinkafa da miya, taliya da manja, sai ta biyar da mai ita ya amsa da bakinsa cewa sayowa ya yi, don matarsa ta tafi unguwa, kuma ba zai zo hannu rabbana ba. Aka yi masa ca. Almajirai biyu na tsaye daga nesa, aka miƙa musu sauran. Na duba, ba wanda bai haura sittin ba a kan tabarmar sai ni. Matasan lungun suna can gaban shagon taubashina, kowa da wayarsa, mai shayi na soya musu Indomie da ƙwai.

Rana ta uku na ba ta yawo. Na ratsa Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da Rumfa, na sha ƙamshin kanumfari da citta da kimba a layin masu kayan yaji, na faɗa Jakara neman gurasa. Wani yaro ya kai ni wani gida inda tanderu huɗu ke ci da kara. Matar da ke aikin takan ɗebo ƙullun da ya tashi, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta sunkuya ta manna a cikin bangon tanderun da hannu tsirara, ta zaro hannun kafin wuta ta gane. In ta gasu ta ɓamɓaro ta jefa a kwando. An ce Larabawan da suka zo fatauci ta Sahara ne suka kawo gurasa Kano, kuma sunayen unguwanni irin Alfindiki da Dandalin Turawa suna nan suna ba da shaidar zamansu. Wato ita ma baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gari. A bakin titi aka yi mini bandashe: aka tsoma gurasar a ruwa, aka barbaɗe ta da garin ƙuliƙuli da yaji, aka kwarara man gyaɗa, aka yanka albasa da tumatir. Naira 700. A Maraɗi burodin Faransa dogo muke ci da safe, amma in gaskiya za a faɗa, bai kama ƙafar wannan ba. Na lura gidan masu gurasar ma an yi masa bulo ta gaba, sai wurin tanderun aka bari da ƙasa, don sana'ar ba ta yarda da tayil ba.

Da la'asar na hau Dala ina haki. Baturen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya sauka a unguwar nan a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin da 30,000. Yau daga kan dutsen ba ka ganin ƙarshen gari. Kwano ne tsoho da sabo, tankuna, faifan sola, hasumiyoyin waya, can ga Goron Dutse, can ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a. Shi ma masallacin da na ƙasa ne, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sake shi da siminti. Ke nan daga sama abin ya faro, talaka bin sahu ya yi. Rufin soro na ƙasa sai ɗaiɗai, kamar haƙoran tsoho. Wanda yake son ganin ɗaurin guga da kyau sai ya je Gidan Makama, inda aka mayar gidan tarihi. Na je washegari, na tsaya a ƙarƙashin bakan gizon ina jin sanyin ɗakin, tare da 'yan makaranta da malaminsu ke yi wa bayanin abin da kakanninsu suka kwana a ciki.

A gida kuwa hidimar gara ta kankama. Da can mata sukan yi mako suna aikin alkaki da dubulan a tsakar gida. Wannan karon waya aka buga wa wata mai sana'ar a unguwar gaba, aka tura kuɗi ta POS ɗin taubashina, aka kawo su a manyan bokitai, sun yi kyau ba laifi. Nakiya ce Inna ta ce ba mai saya mata. Ta sa aka wanke shinkafa aka shanya a 'yar tsakar gidanta, aka soya sama-sama, aka fito da turmin da ta gada wurin uwarta, baƙi wuluk, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Mata uku suka kewaye shi da taɓare suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, ɗaya har tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Inna na zaune tana zuba zuma da man shanun da na kawo, da garin citta da kanumfari da masoro, tana sa yatsa tana ɗanɗanawa. Ƙarar ta cika lungu. Yaran saman bene suka leƙo ta baranda suna ɗauka a waya. Inna ta ce nakiyar kirki takan shekara ba ta lalace ba, har amarya ta haihu a ba ta ta ci.

An ɗaura aure ranar Asabar bayan azahar, aka yi addu'a, aka watse. Abincin 'yan ɗaurin aure kashi biyu ne: waina da miyar taushe a manyan farantai, da soyayyiyar shinkafa a 'yan robobi. Na ga wainar ce ta fara ƙarewa.

Washegari aka ce ni da taubashina mu kai sauran kaya gidan amarya. Muka loda a akori-kura: buhun shinkafa, jarkar mai, bokitan gara, tukunyar gas, sai wani sabon turmi da taɓarya da Inna ta saya da kuɗinta, ta ce 'yarta ba za ta shiga gidan miji ba turmi ba. Muka fita ta Ƙofar Kabuga muka nufi Rijiyar Zaki. Can ne da irinsu yaran cikin gari suke komawa yanzu in sun yi aure. Masu hali kuma su nemi gida a rukunin da gwamnati ta gina, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo na zamanin Kwankwaso. Gidan amarya bene ne mai sashe huɗu, nata a sama, ɗaki biyu da falo. Haya naira 800,000 a shekara, kuma a dunƙule ake biya. Na buga a sefa, jika 320. A wajenmu wata-wata ake biyan haya, da na faɗa wa ango haka sai ya ce ko zan nema masa takardar zama ɗan ƙasa.

Muka hau da turmin da ƙyar, matattakalar ƙunci gare ta. Amarya, wadda rabona da ita tana 'yar firamare, ta fito lulluɓe tana gaishe ni, "Yaya, sannu da hanya." Na ce ba yaya ba, miji ne na fari da aka yi wa ƙwace. Ƙawayenta suka sa dariya. Aka rasa inda za a ajiye turmin. Kicin ya cika da kabet da na'urori, falo ba wurinsa ba ne. Wata gwaggon ango ta ce a gwada shi a baranda, don ba a shigo da turmi a bar shi shiru. Ta zuba barkono da gishiri ta ɗaga taɓarya. Bugu na uku tayil ya ce ƙas, tsaga ta tafi har bakin ƙofa. Kafin mu gama salati sai ga maƙwabcin ƙasa ya hawo da jallabiya, cikin ladabi, ya yi wa amarya fatan alheri, sannan ya ce garin silinsa na zuba a kan gado.

Haka muka sake sauko da shi. Maigadin gidan, wani mutumin Tawa da muka gane juna daga gaisuwa, ya ce a ajiye a gefen ɗakinsa inda ƙasa take, duk mai daka ta sauko. Ya ce ai na matar sashe na biyu ma yana nan, ya nuna wani turmi a kife ƙarƙashin tanki, an ɗora bokiti a kai. Taubashina ya ce kada wanda ya gaya wa Inna.

Ranar Litinin da sassafe na yi sallama. Kawu ya ba ni hula da turare, ya rako ni har bakin lungu. A hanya yake gaya mini cewa bangon ɗakin Inna na gabas ya fara tsagewa, yana so kafin damina a sauke shi a sa bulo, ita kuma ta ce sai dai a sauke shi da ita a ciki. Ya ce in gaya wa mahaifiyata ta kira ta, ko za ta ji maganar ƙanwarta. Inna kuwa ta cika mini jaka da alkaki da nakiya da ƙullin kuka da daddawa, ta ce in faɗa wa ƙanwarta daddawar Kano ce, ba irin tasu ta Faransa ba. Gurasa ashirin na saya da kaina a Jakara, da zafinta.

A Ƙofar Ruwa ɗan kamasho ya ɗaga jakar ya ajiye, ya shinshina, ya ce kuɗin kaya naira 2,000, don daddawa sai ta hau bayan mota ita kaɗai. Muka daidaita a 1,000 da gurasa biyu.